Ba Ka da Digiri? Ga Yadda Ake Zaɓen Sana'a Mai Tsoka

Shekarata goma sha tara ina gyaran injinan sanyi. Da firji na fara, da na'urar sanyaya ɗaki, yanzu kuwa yawancin aikina a manyan ɗakunan sanyi yake, da kwantenonin da ke sanyaya kaya a kan hanya. Ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Ba raina ta na yi ba, lokacin da tsarana suka shiga ni babu hali ne. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan kuwa 'yar yayata ce. Ta gama sakandare, sakamako bai kai ta inda ta so ba, sai ta same ni wata rana da yamma ina kankare baƙin mai daga hannuna, ta ce, "Kawu, a sana'o'in nan da ba a neman digiri, wacce ta fi kuɗi?"

Na ce mata tambayar ce ta zo a karkace. Kuɗi ba ya bin sunan sana'a. Na san mai walda da ke wuni yana haɗa ƙofa da taga, da ƙyar abin da ya samu ke kai shi ƙarshen wata. Na san wani kuma da ake aiko masa da tikitin jirgi don ya je ya haɗa bututun gas. Dukansu in ka tambaye su za su ce maka walda suke yi. Haka abin yake a lantarki, haka a kanikanci, haka a kwamfuta. Kowace sana'a tana da bakin ƙofa inda jama'a suka cunkushe suna karya wa juna kasuwa, tana kuma da ƙurya inda mutane 'yan kaɗan ne, kuma a can kuɗin yake. Abin da ya kamace ka shi ne ka hango ƙuryar tun kafin ka sa ƙafa, ka san hanyar da ke kaiwa gare ta.

Ranar da ni na gane wannan, ina shekara ta biyu a hannun maigidana. Aka kira shi wani ɗakin ajiyar magunguna da injinsa ya tsaya. A ciki akwai allurar rigakafi, irin wadda dole ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Selsiyos (wannan ne kaɗai digirin da na yi mu'amala da shi a rayuwata). Muna isa allon ya nuna 7, kuma hawa yake. Masu gyara biyu sun riga mu zuwa, duka sun ce kwampuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ta mutu, sai an sayo sabuwa, sabuwar kuma ba za ta iso ba sai bayan kwanaki. Maigidana bai ce uffan ba. Ya sa aka kunna, ya kasa kunne. Injin ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi ƙas, ya ɗauke. Ya kashe wutar daga babban makunni, ya gwada da mita ya tabbatar babu ita, sannan ya cire wayoyin kwampuresar ya auna naɗin tagullar da ke cikinta, biyu-biyu. Awo uku, lamba ɗaya. Ya auna tsakanin kowane baki da jikin ƙarfen, babu yoyon wuta. Ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau." Ya buɗe akwatin wuta, ya haska tocila a kan kwantakta, wato makunnin da ke jona injin da wuta mai layi uku. Baki ɗaya cikin ukun ya ƙone ƙurmus. Layi biyu kawai ke isa ga injin, shi ya sa yake gurnani ba ya juyawa, har na'urar kariya ta yanke shi. Ya ciro wata kwantakta daga jakarsa ya ɗaura. Kafin mu gama tattara kaya allon ya fara sauka, 6, 5.

Abin da ya caza ya fi abin da muke samu a mako guda na gyaran firji. A hanya na kasa haƙuri na ce, "Oga, anya bai yi yawa ba? Abin fa bai wuce tafin hannu ba." Ya ce, "Yaro, ba kwantakta suka saya ba. Maganin da ke ɗakin nan suka fansa."

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Tun daga ranar, duk sana'ar da aka ce mini tana kawo kuɗi, abin da nake fara tambaya shi ne: in abin ya tsaya, me mai shi ke asara kowace awa? Fankar ɗaki in ta tsaya, mai ita zai yi fifita ya jira mai araha. Amma lif ɗin asibiti mai hawa goma, ko injin masana'antar da ma'aikata ɗari ke jira, ko intanet ɗin banki, ko firjin ajiyar jini, in suka tsaya babu mai tsayawa ciniki. Ka nemi sana'ar da za ta kai ka kusa da irin waɗannan kayan. Ba a rana ɗaya za ka isa ba, amma ka tabbatar hanyar can ta nufa.

Bayan asara sai doka. Mutane suna gudun sana'ar da ake neman lasisi, ni kuwa ita nake ce wa yara su bi. Lasisi katanga ce. Tsallake ta da wuya, amma in ka tsallaka, ita ce ke hana cunkoso ya biyo ka. A Amurka, alal misali, ba a yarda ka taɓa gas ɗin injin sanyi a matsayin sana'a ba sai kana da takardar hukumar kare muhalli da ake kira Sashe na 608, a ƙasashen Tarayyar Turai ma akwai takarda makamanciyarta. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka kafin ka biya kowa kuɗin koyo, ka je hukumar da ke kula da sana'ar a inda kake, ka tambayi wace takarda ce manyan kamfanoni ke karɓa.

Akwai kuma wani abu da ban damu da shi ba a da, yanzu na ga muhimmancinsa. Aikin da ake iya yi daga nesa a turo ta waya, gasarka da duk duniya ce, har da manhajojin da ke yin sa cikin daƙiƙa. Bututun da ya fashe kuwa sai mutum ya zo da hannunsa ya durƙusa.

Sannan ka san jikinka, kada ka yaudari kanka. In jiri na ɗibarka a kan tsani, ka bar zancen hawa turakun sadarwa da injinan da ke samar da lantarki daga iska. In ba ka bambance ja da kore sosai, wanda lalura ce da ta fi yawa a maza kuma da yawa ba su san suna da ita ba, to tuƙin jirgin sama da aikin kan jirgin ruwa za su ba ka matsala a gwajin lafiya, wayoyin lantarki ma da launi ake gane su. Gwajin idon bai wuce 'yan mintuna ba, littafi ne mai ɗigo-ɗigon launi da lambobi a ciki. Ka yi shi tun yanzu, ba bayan ka zuba shekara biyu ba.

Inda ƙuryar take a kowace sana'a

Bari in fara da tawa, tunda ita na fi sani. Gyaran injin sanyi sana'a huɗu ce a dunƙule: lantarki, waldar tagulla, aikin bututu, da gyaran allunan lantarki na injinan zamani masu inbata. Wanda ya iya cika gas kawai, yana bakin ƙofa. Abin da ke buɗe wa sabon shiga hanya a yanzu shi ne gas ɗin da kansa yana ta canzawa. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta kori gas ɗin da ake kira R12 saboda yana cinye rufin ozon na sararin sama. R22 ya gaje shi a wurare da yawa, shi ma aka sa masa wa'adi: ƙasashe masu arziki 2020, masu tasowa 2030. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 kuma ya taso irin su R410A da R134a a gaba, saboda ɗumama duniya. Waɗanda ke maye gurbinsu, R32 da R290 da R600a, suna kama wuta, biyun ƙarshen ma sosai, don R290 gas ɗin furofen ne zalla. Tsohon hannun da ya saba kunna wutar walda a kan bututu ba tare da ya kwashe gas ba, da waɗannan yana wasa da ransa ne. Yaron da ya koyi aikinsu yadda ya kamata, da takardarsa, kamfani zai ɗauke shi ya bar mai shekara ashirin. Daga nan sai ɗakunan sanyi, da kwantenonin jiragen ruwa masu injinan Carrier da Thermo King, da manyan injinan da ke sanyaya otal da asibiti da ɗakunan ajiyar bayanan kwamfuta.

Sola ita ce ake ta rububi, kuma bakin ƙofarta ya cika maƙil, don duk wanda ya iya ɗaure noti yana ce wa kansa injiniya. Kuɗin yana wajen lissafi. Ga misali: inbata mai wat 5,000 a kan batir mai bolt 48, in ta ɗauki cikakken lodi, abin da take ja ya haura amfiya 100. In ka sa mata siririyar waya za ta yi zafi, ta narke, wata rana ta ci gidan mutum. Batirin litiyom da ake ce wa na bolt 48, a gaskiya ƙwayoyi 16 ne masu bolt 3.2 kowanne, wato 51.2, in mai amfiya-awa 100 ne yana riƙe kilowat-awa 5.12. Wanda ya iya wannan zai zauna da mai gida ya lissafa masa kayan da zai kunna da awannin da za su yi, ba zai yi masa alƙawarin ƙarya ba. Haka kuma ƙarfin wutar faifan sola yana ƙaruwa in gari ya yi sanyi, don haka in ka jera faifai da yawa a layi ɗaya ka kai su gab da iyakar na'urar caji, safiya ɗaya mai sanyi ta isa ta ƙone ta. Mai lantarkin da ke son ya wuce nan sai ya nufi masana'anta: wuta mai layi uku, akwatunan sarrafa injin, da ƙwaƙwalwar injinan da ake kira PLC, irin ta Siemens. A ganina babu sana'ar hannu da ta fi wannan buɗe ƙofofi.

Walda kuwa ita ce ta fi kowacce nuna bambancin baki da ƙurya, domin a can ba a tambayar makarantar da ka yi. Bututu ake kafa maka a karkace, kwana 45, ba ya juyawa, a ce ka zagaye shi da walda. Sunan wannan gwajin 6G. Kana haɗa sama da gefe da ƙasa a zama ɗaya, narkakken ƙarfe yana neman zubo maka, in ka gama a ɗauki hotonsa da na'urar da ke ganin cikin ƙarfe, ko a yanka shi a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Wanda ya ci wannan, musamman in ya iya waldar TIG, wadda ake kare narkakken ƙarfen da iskar argon, a kan baƙin ƙarfe da wanda ba ya tsatsa, matatun mai da wuraren ƙera jiragen ruwa da tashoshin lantarki suna nemansa. A ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, da kamfanoni da yawa ke bi, in ka yi wata shida ba ka yi irin waldar ba takardarka ta faɗi, sai ka sake gwaji. Kuma in ido da baya suka fara gajiya, akwai matakin gaba: zama mai duba waldar wasu, da takarda irin CSWIP ta Ingila, ko mai gwajin ƙarfe ba tare da an fasa shi ba. Nan kana tsaye da tocila da takarda, kuma ka fi mai riƙe da sandar walda samun kuɗi.

A ɓangaren kwamfuta zan faɗi gaskiya. Ana koyon rubuta manhaja ba tare da jami'a ba, amma masu neman aikin farko a can sun yi yawa ƙwarai. Na fi natsuwa da harkar sadarwa: haɗa cibiyoyin kwamfuta, da jona wayar fayiba, wadda gilashi ce siririya kamar gashi, ana narka bakinta biyu da inji a haɗe. Takardar CCNA ta kamfanin Cisco jarrabawa ɗaya ce, tana aiki shekara 3, kuma akwai manhajarsu ta kyauta, Packet Tracer, da za ka yi ta gwaji a kanta a gida. Daga nan mutane ke gangarawa zuwa tsaron bayanai.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Masu gyaran lif suna cikin waɗanda suka fi kowa albashi a sana'o'in hannu. A ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka, matsakaicin abin da suke samu ya haura dala 100,000 a shekara a 2023, kuma ta koyon sana'a na shekara 4 ake shiga. Kada ka ɗauki wannan adadin ka canza shi zuwa kuɗin ƙasarku ka fara gina bene a zuci, abin lura kawai shi ne matsayinsu a kan sauran. Tuƙin jirgin sama lasisi yake nema, awa 200 zuwa 250 na tashi kafin a fara biyanka, awa 1,500 kafin babban lasisin, amma koyonsa yana cin dukiya, in ba ka da mai ɗaukar nauyinka sai ka duba kanikancin jirgin. Aikin jirgin ruwa yana farawa da kwasa-kwasan tsira da kashe gobara a ƙarƙashin STCW, yarjejeniyar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, ana samu, amma wata shida ko tara ba ka ga iyalinka ba. Tuƙin manyan injinan ɗaga kaya da na haƙar ƙasa ma ba abin rainawa ba ne.

Yadda ake shiga

Hanya mafi kyau ita ce wadda kake koyo ana biyanka. Jamus ta fi shahara da wannan: yaro yana 'yan kwanaki a kamfani, 'yan kwanaki a makarantar sana'a, shekara 2 zuwa 3 da rabi, da albashinsa na ɗan koyo. Wanda ya ci gaba ya zama cikakken ubangidan sana'a, a tsarinsu matakinsa ɗaya da mai digirin farko. A Amurka mai koyon lantarki yakan yi shekara 4 zuwa 5, wajen awa 2,000 na aiki kowace shekara, ga darasin aji. Na kawo waɗannan ne don ka ga tsawon lokacin da ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suke ba shi. Duk wanda ya ce zai mai da kai ƙwararre a mako shida, kuɗinka yake so. Kwas ɗin mako shida yana da amfani ga wanda ya riga ya iya, yana son ƙarin abu ɗaya.

In babu irin wannan tsarin kusa da kai, sai ka haɗa naka: maigida na ƙwarai da rana, karatu da dare, jarrabawar hukuma in lokaci ya yi. Zaɓen maigida kuwa ya fi zaɓen sana'ar kanta wuya. Kada girman shago ya ruɗe ka. Ka je ka zauna kwana biyu ko uku kana kallo. In aka kawo abu ya lalace, mita yake fara ɗauka ko sukurudireba? Mai fara kwancewa yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace, canki-canka zai koya maka. Ka duba yaransa da suka yi shekara uku: suna taɓa aikin gaske ko har yanzu aike da shara? Ka tambayi inda waɗanda ya yaye suke. Kuma ku yi magana a fili tun farko, in da hali a rubuce: shekara nawa, me za a koya maka, me za a riƙa ba ka. Kunyar tambayar nan ta sa mutane da yawa sun yi shekara biyar suna riƙe tsani.

Ka sayi littafin rubutu mai kauri. Kowane aiki ka rubuta: irin injin, abin da mai shi ya ce, abin da aka auna, abin da aka samu, abin da aka canza. Nawa na farko har yau yana nan, ya sha mai har shafukan sun yi ruwan ƙasa. Bayan shekara biyu za ka ga matsalolin suna maimaita kansu, sai ka fara gane ciwo tun daga waya kafin ka je. Yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu, ka ɗauki hoton aikinka kafin da bayan, da izinin mai shi. Ranar da za ka nemi aiki a kamfani, wannan ne zai tsaya maka inda wani zai ajiye digiri.

Rashin digiri ba rashin karatu ba ne, a nan ne da yawa suke faɗuwa. Lissafin da kake buƙata bai da yawa, amma dole ya zauna: kashi, ma'auni, sauya awo daga wani zuwa wani, da dokar Om, wadda ta ce ƙarfin wuta daidai yake da yawan gudunta sau turjiyar abin da take bi. Sai karanta zanen waya, da littafin da kamfani ya haɗo da inji, wanda yawanci da Turanci yake zuwa. Injinan yanzu suna faɗin ciwonsu da kansu, su nuna lamba a allo. Mai karanta littafi zai duba ya tafi kai tsaye wurin, wanda ba ya karantawa zai kwance rabin injin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a sana'armu kuwa har gobara yake jawowa.

Kayan aiki kada ka ci bashi ka saya gaba ɗaya. Mita mai kyau tukuna, irin mai baki da ke kama waya ta auna amfiya, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya daga abin da kake samu.

Kuskuren da na biya da aljihuna

Shekarar da na fara cin gashin kaina, na samu aikin ɗaura wani ɗan madaidaicin ɗakin sanyi. Ƙa'ida ita ce bayan ka gama waldar bututu, ka matsa shi da iskar naitirojin ka ga ko yana yoyo (ba da iskar oksijin ba har abada, in ta haɗu da man injin fashewa take), sannan ka jona famfon zuƙe iska ka zuƙe har ma'aunin ragowar iskar da ke cikin bututu ya sauka zuwa maikiron 500, ka rufe ka ga ko zai tsaya. Wannan ne ke fitar da laimar da ke cikin bututu. Ni kuwa dare ya yi, mai aiki yana tsaye a kaina, ba ni ma da ma'aunin maikiron ɗin. Na zuƙe na minti goma na ce ya isa, na cika gas, ɗaki ya yi sanyi, aka biya ni, kowa yana murna. Wata huɗu aka kira ni. Laimar ta haɗu da mai ta zama asid, ta cinye rufin naɗin tagulla, kwampuresa ta ƙone. Da na buɗe bututun, warin da ya bugi hancina ya ishe ni bayani. Na sayi sabuwa da kuɗina, na wanke layin, na sa matatar da ke tsotse asid, ribar wata uku ta tafi. Mutumin bai san dalilin ƙonewar ba, da na ce masa wuta ce ta yi yawa zai yarda. Na faɗa masa gaskiya. Shi ne daga baya ya haɗa ni da kamfanin da na yi wa aiki shekara bakwai.

Wajen yanka kuɗin aiki, kada ka yi lissafin awannin da ka tsaya kaɗai. Ka sa zirga-zirga, da lalacewar kayan aiki, da ranakun da babu aiki, da komawar da za ka yi kyauta in abu ya sami matsala. Ka rubuta wa mutum abin da za ka yi da abin da ba ya ciki kafin ka fara. Kuma da zarar ka samu dama, ka nemi kwangilar kula da injina duk wata ko duk wata uku maimakon jiran su lalace. Gyara yau akwai gobe babu, kwangila kuwa albashi ce.

Maganar tsaro ba zan tsawaita ba, amma ba na wasa da ita. Amfiya ɗaya in ka raba ta dubu, kashi 30 kacal ake saita na'urar kare rai ta yanke wuta a kai, don abin da ya wuce haka yana iya rikita bugun zuciya. Ka kashe wuta da hannunka, ka sa kwaɗo a makunnin, makullin yana aljihunka, ka gwada da mita kafin ka taɓa. "Na kashe maka" ta kashe mutane da yawa. Kafasita, 'yar na'urar da ke tara wuta a cikin inji, tana riƙe ta bayan an cire fulogi. Tabarau, safar hannu, igiyar ɗaure ƙugu a sama, abin toshe kunne: masu dariya su yi ta yi. Kuma ka sani gwiwa da baya ba za su kai ka shekara sittin a kan tsani ba, don haka tun kana da ƙarfi ka fara shirin zama mai dubawa, ko mai koyarwa, ko mai kamfanin da wasu ke hawa tsanin.

'Yar yayata dai lantarki ta zaɓa, tana hannun wata mata mai haɗa sola da rana, da dare tana shirin jarrabawar hukuma. Makon jiya ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Kawu, wayar da ke tsakanin batir da inbata a wani gida tana zafi, na auna na ga amfiya 90, su kuma sun sa mai kaurin murabba'in milimita 10." Na ce to me za ki yi? Ta ce ta riga ta kashe, tana kan hanyar sayo mai 35.